Kwana sha biyu ina bin sawun Dai

Duk tafiyar nan daga burga ta samo asali. Shekara shida kenan ina aiki a Doha, kuma duk wanda ya zauna a Katar ya san ba inda za ka leƙa baka tarar da 'yan Nepal ba, a wurin gini suna nan, a kanti suna nan, har bakin get. Akwai wani yaro da muke aikin dare tare a sito, wata rana muna shan shayi nake masa cika baki wai ni ɗan Jos ne, sanyi da hawan dutse ba baƙina bane, duwatsun Shere tun muna sakandare muke hawa. Yaron nan yayi dariya har shayi ya kusa sarƙe shi, ya ciro waya ya nuna min hoton ƙauyensu yace mita 3,800 ne daga saman teku, wato inda aka yanke masa cibiya ma ya fi Chappal Waddi, dutsen da yafi kowanne tsawo a Najeriya mai mita 2,419. Nayi shiru. Sai yace idan da gaske nake yana da kawu da ya hau Everest, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, sau bakwai, yanzu ya daina hawa can sama sai dai ya raka baƙi zuwa gindin dutsen, in shirya kawai.

Na shirya ɗin kuwa, duk da Hajiyarmu a waya tace wai me na ajiye a kan dutse, in kuɗi ne suka min yawa ga rufin ɗakin baya yana yoyo. Abu ɗaya da duk mai koren fasfo zai sani, wasu ƙasashen a filin jirgi ake buga musu biza, amma ɗan Najeriya sai ya nema tun daga ofishin jakadanci kafin ya tashi, haka Gana da Kamaru ma. Bayan ƙaramar sallah ta 2025 na sauka Katmandu, babban birnin Nepal, nayi kwana biyu a unguwar Thamel ina hayar rigar sanyi da jakar barci, na samu jam'i a babban masallacin da ke kusa da hasumiyar agogo. Daga nan aka kwashe mu ƙarfe ɗaya na dare a wata ƙaramar bas zuwa Ramechhap, saboda lokacin cunkoso daga can jiragen Lukla, garin da ake fara tafiyar ƙafa zuwa gindin dutsen, ke tashi, awa kusan biyar a hanya mai lanƙwasa, ni dai amai kawai nake dannewa.

Jirgin Lukla bana son tuna shi sosai. Ƙaramin abu ne kamar bas ɗin haya, kana ganin ƙeyar matuƙin, titin saukar kuma mita 527 ne kacal kuma a karkace yake, gaba bango baya rami. Duk addu'ar da na iya na karanta, har wadda ba ta wurin ba. Da muka tsaya Turawan ciki suka hau tafi, ni ƙafata ce ke rawa.

A bakin fita na samu kawun yaron nan. Wallahi da ace a kasuwar Terminus na gan shi cewa zan yi mai sayar da dankali ne, ɗan gajere, bai kai kafaɗata ba, fuska ta ƙone da rana tayi jajur a kumatu, hular ulu, jaket ɗin da ta ga duniya. Shekarunsa hamsin da 'yan kai. Ya miƙo hannu muka gaisa sai naji hannun ba daidai ba, na kalla, yatsu biyu na dama sun gutsure daga gaɓar farko. Ban tambaya ba a lokacin. Yace in dinga ce masa Dai, wato yaya da yarensu na Nepal, haka kowa ke kiran na gaba da shi, shi kuma ya dinga ce min bhai, ƙane. Abu na farko da yayi kafin mu ɗaga ƙafa, ya durƙusa ya kwance igiyar takalmina ya sake ɗaurewa, yace yadda na ɗaure kafin azahar farcena zai yi baƙi. Mutumin da ya tsaya a kan ƙololuwar duniya sau bakwai ne fa durƙushe a gabana, kunya ta kama ni nace Dai don Allah bari ni zan yi, ko ɗagowa bai yi ba.

A ƙarshen garin Lukla akwai wata ƙofa da ake bi ta ƙarƙashinta, an yi ta ne don tunawa da Pasang Lhamu Sherpa, mace 'yar Nepal ta farko da ta kai saman Everest a watan Afrilun 1993, kuma a hanyar saukowa ta rasu. To ka ga da abin da ake maka maraba kenan. Nan ne ma maganar suna ta taso, yake ce min Pasang na nufin wadda aka haifa ranar Juma'a, su Sherpawa da ranar haihuwa suke raɗa suna, Nima Lahadi, Dawa Litinin, Mingma Talata, Lhakpa Laraba, Phurba Alhamis, Pemba Asabar. Na tsaya cak nace kai Dai ai mu ma haka muke! Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Jummai, Asabe. Ya dinga maimaita Asabe Asabe yana dariya, ya tambaye ni ranar da aka haife ni nace Alhamis, a gida Ɗanlami kakata ke ce min, shikenan daga ranar na zama Phurba, duk masaukin da muka shiga haka yake gabatar da ni, ga Phurba daga Afirka.

Ni da na zo da tunanin Sherpa sunan sana'a ne, kamar a ce ɗan dako ko ɗan jagora, ashe ƙabila ce, ma'anar kalmar mutanen gabas, kakanninsu daga gabashin Tibet suka tsallako wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, addininsu na Buda. Yaron da ya ɗauki jakata ma ba Sherpa bane, ɗan ƙabilar Rai ne daga ƙauyukan ƙasa, kuma yawancin 'yan dakon da ke hanyar haka suke. Ba a ka suke ɗora kaya irin namu ba, madauri ne mai faɗi suke ratayawa a goshi kayan na baya, su sunkuya, da 'yar sanda mai kai kamar T da suke tokare kayan da ita in za su huta. Naga mai ɗauke da ƙofofin katako, naga mai katan katan na lemo sun fi shi tsayi, naga mai cinyar bauna a kwando ƙuda na bi. Game da naman nan Dai yace su a Khumbu, wato yankin nasu na gindin Everest, ba a yanka dabba, duk naman da ka gani a faranti daga ƙasa aka ɗauko shi a baya kwana da kwanaki. Dama ni ba ci zan yi ba tunda ban san wa ya yanka ba, sai abin ya zo min da sauƙi, kwana sha biyu dal bhat, shinkafa da romon wake da ɗan ganye, in ka cinye a ƙaro maka kyauta.

Rana ta biyu ce ta fara koya min hankali. Ana bin kogin Dudh Koshi, ruwan fari fat kamar an dama nono, ana tsallaka gadoji masu lilo da aka ɗaure da wayoyin ƙarfe, ta ƙarshen kafin hawan Namche tana can sama ƙololo, iska na kaɗa ƙyallayen addu'arsu masu launi biyar, kana tsakiya sai ga ayarin shanun dako da ƙararrawa a wuya. Dokar Dai guda biyu ce, in dabbobi sun taho ka raɓe ta ɓangaren dutse ba ta ɓangaren rami ba, in kuma ka zo wurin duwatsun da aka sassaƙa wa rubutun addu'a ka bi ta hagu. Sai kalmar da ya fi faɗa, bistari bistari, wato sannu sannu. Ni kuwa jinin Jos na tashi, na wuce shi da sauri ina so in nuna masa, ban yi minti ashirin ba na zauna a kan dutse ina haki kamar akuyar da aka koro, ya zo ya wuce ni da irin tafiyarsa ta hawainiya, hannu a baya, bai ce uffan ba. Haushi kamar in yi kuka.

A Namche, mita 3,440, muka kwana biyu don jiki ya saba. Garin kamar an kifa rabin kwano a jikin dutse, akwai gidan burodi, akwai wurin cirar kuɗi, kasuwarsu ranar Asabar take ci. Da asuba na fito zan yi alwala na tarar ruwan bokiti ya daskare a sama, ina tsaye ina shawarar ko taimama zan yi sai ga Dai da filas, ruwan ɗumi, ya ajiye ya juya. Ban roƙe shi ba, jiya da magariba kawai ya ga ina wanke hannu da ƙafa ina karkarwa. Kuma a can ruwan zafi sayarwa ake, kamar yadda cajin waya ma sai ka biya, kullum ka ƙara sama farashi na ƙaruwa. Tun daga ranar har muka sauko ban ƙara neman ruwan alwalar asuba ba. Alƙibla ma shi ya dinga nuna min, ya riƙe cewa yamma nake kallo, duk ɗakin da muka sauka zai nuna kusurwa da haɓa yace Phurba, can.

Labarinsa a gutsure na samu, ba mutum ne mai zama ya baka tarihi ba, sai dai da daddare in an kewaye murhun da ke tsakiyar ɗakin cin abinci, wanda busasshen kashin yak, irin shanunsu na kan tsauni, ake zuba masa tunda can sama babu itace. A wani ƙauye kusa da Thame aka haife shi. Thame ɗin nan ƙaramin wuri ne amma in ka ji waɗanda suka fito daga cikinsa sai ka riƙe baki, Tenzing Norgay da suka fara kaiwa sama shi da Edmund Hillary ranar 29 ga Mayu 1953 yayi ƙuruciya a can, Apa Sherpa da ya hau sau 21 ɗan can ne, Kami Rita ma da ya fi kowa yawan hawa a duniya ɗan can ne. Dai yace shi aji huɗu yayi a makaranta babansa ya rasu, ga ƙanne, gonar dankali kuma bata ciyar da gida shekara, sai ya ɗauki madauri yana ɗan sha biyar. Daga dako ya samu shiga kicin na masu hawa, wanke tukwane da narkar da ƙanƙara a sansani, yana kallon yadda ake ɗaura igiya yana koyon Turanci a bakin baƙi, daga nan aka fara bashi kaya ya kai sansani na biyu, na uku, har ranar da aka ce ya raka wani Bature can ƙololuwa. Nace ya ka ji da ka isa? Ina jiran ya faɗi wata magana mai nauyi. Yace yunwa yake ji, kuma tunaninsa duk yana kan yadda zai sauko da mutumin nan da ƙafafunsa suka fara lanƙwashewa.

Mun zaga ta Khumjung ya nuna min makarantar da Hillary ya gina a 1961, da asibitin Khunde na 1966, kuma yana maganar mutumin da girmamawa ƙwarai. Can na ga hoton nan na 1953 a bangon wani masauki, mutum a kan ƙololuwa ya ɗaga gatarin ƙanƙara da tutoci, ashe Tenzing ne a ciki, Hillary ne ya ɗauka kuma shi ba a ɗauke shi ba. Na ce wa Dai to ai ku ne a hoton farko. Yayi murmushi yace eh, daga baya ne aka koma miƙa musu kyamara.

Daga Tengboche, inda babban gidan ibadarsu yake a mita 3,867 ga dutsen Ama Dablam tsaye a gabanka kamar an zana, bishiyoyi suka fara ƙarewa. Dingboche mita 4,410, nan kaina ya fara sara kamar ana buga min guduma a ƙeya, abinci ya fita raina, barci kuma in na fara sai in farka a firgice kamar an toshe min hanci. Kowane dare yana maƙala min wani ɗan abu a yatsa da ke auna iskar jini, ya kalli lambar ya kalli idona, ya sa in yi tafiya a kan layi ɗaya kamar ɗan sanda na gwada mashayi. Ya dinga ɗura min ruwa da miyar tafarnuwa, ni da bana son tafarnuwa ko a miyar gida. Yace ciwon tsauni bai san ƙato ba, ya ga sojoji an sauko da su a helikwafta ya ga tsohuwa ta wuce lafiya, maganinsa na gaskiya guda ɗaya ne, sauka.

A daren ne na samu ƙarfin halin tambayar yatsun. Ya ɗaga hannun ya juya shi kamar ba nasa ba. Yace sama da mita 8,000 ne, inda suke kira yankin mutuwa, iskar wurin kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda muke shaƙa a ƙasa, kowa da silindar oksijin a baya. Ta baƙon da yake rakawa ta daskare a wurin mahaɗin, mutumin ya fara surutai yana neman zama, in kuwa ka zauna a wurin nan shikenan, sai Dai ya cire safar hannu don ya kwance abin ya musanya masa da tasa, minti kaɗan ne, amma kafin su iso sansani na huɗu yatsun sun yi fari sun ƙandare kamar itace, a Katmandu aka yanke. Nace mutumin fa? Yace yana nan lafiya, ya bashi kyauta mai kyau, yakan turo gaisuwa. Ba ɗaci a muryarsa ko kaɗan, ni ne ma naji abin ya tsaya min a wuya, don na tabbata a garinsu mutumin an yi masa liyafa an kira shi jarumi.

Kuma kada a ɗauka wai tilasta musu ake, shi da bakinsa yace kuɗin wata biyu na lokacin hawa ya fi abin da gona za ta bashi a shekaru, da shi ya rufa gidansa da kwano, da shi 'yarsa ke karatun jinya a Katmandu. Amma in ka ji abin da ke yawo a harkar sai ka ga rabon bai yi ba. Takardar izini kaɗai da gwamnati ke karɓa a hannun kowane baƙo dala 11,000 ce a lokacin, an ce ma daga Satumban 2025 ta koma 15,000, banda dubban da kamfanoni ke caja. Su kuma su ne masu shimfiɗa igiya tun daga ƙasa har sama, su kafa tantuna, su kai silindu da abinci da gas, su sauko da shara, wani lokacin har da gawa.

Kafin Lobuche akwai wani hawa mai tsinka numfashi daga Thukla, kana kaiwa sama sai ka tarar da fili cike da tarin duwatsu da aka jera kamar ƙananan hasumiyoyi, kowanne na wani ne da dutsen ya ci. Akwai na Babu Chiri Sherpa wanda yayi awa 21 a kan ƙololuwa ba oksijin a 1999, sannan a 2001 ya faɗa ramin ƙanƙara kusa da sansani na biyu. Turawa nata ɗaukar hoto. Dai ya bar ni ya tafi can gefe wurin wani ƙarami da ko allo mai kyau babu, ya ɗaura farin ƙyalle, ya ɗan jima, ya dawo yace mu tafi iska za ta taso.

Washegari muka isa sansanin gindin dutsen, mita 5,364, ranar Juma'a 18 ga Afrilu. Gaskiya ta farko, daga nan ba ka ma ganin kan Everest sosai, wasu duwatsun sun kare shi. Abin da kake gani garin tantuna ne, ruwan ɗorawa da lemo, baje a kan tsakuwa da ƙanƙara, helikwafta na sauka na tashi kamar tashar mota, ga wani dandamalin duwatsu da suke ƙona ganye mai ƙamshi kamar turaren wuta, don babu Sherpan da zai taka dutsen sai malaminsu ya zo yayi addu'ar neman izini, su a wurinsu Chomolungma, sunan da suke kiran Everest kenan, uwa ce ba abin wasa ba. Sai kuma abin da ke bayan tantunan, gangaren ƙanƙarar Khumbu. Ka ɗauka kogi ne ya daskare yana gangarowa daga sama ya farfashe, gutsattsarin wasu sun kai gidan bene, kuma yana motsi, ina tsaye ina jin yana ƙara can ciki kamar ana taka busasshen kara. Akwai wasu gwanaye da ake kira likitocin ƙanƙara, aikinsu kenan duk shekara su nemo hanya a ciki, su ɗaɗɗaure tsanin alminiyom a kan ramuka. Dai yace baƙo sau ƙalilan yake ratsawa, su kuwa masu kai kaya sai su yi sau ashirin ko fiye a lokaci guda, da tsakar dare suke shiga kafin rana ta sassauta ƙanƙarar.

Muna zaune a kan wani dutse yana kallon wurin sai yace yau shekara sha ɗaya. Ban gane ba. Yace 18 ga Afrilu 2014, da sassafe wajen ƙarfe shida da rabi, wani ƙaton ɓangaren ƙanƙara ya ɓalle daga kafaɗar dutsen ta yamma ya rufto kan masu kai kaya, mutum 16 suka mutu duk 'yan Nepal, uku har yau suna ciki ba a samo su ba. Shi yana ƙasa kaɗan da kaya a baya, wani tsani da ya lalace ne ya jawo layi ya tsaya, iskar abin ta kayar da shi, da ya tashi komai fari. Da hannu da shebur suka dinga tono. Cikin waɗanda suka tono har da wanda suka fara dako tare suna yara, mai tarin duwatsun jiya kenan. Gwamnati ta fara cewa za ta ba kowane gida rupi 40,000, wajen dala 400, abin ya harzuƙa su suka ce babu mai hawa a shekarar, aka naɗe tantuna. Shekara ta zagayo kuma ranar 25 ga Afrilu 2015 girgizar ƙasa ta kashe kusan mutum 9,000 a ƙasar, ta zubo da ƙanƙara kan wannan sansanin da muke zaune. Nace kuma ka koma? Yace sau biyu ma, kuɗin makaranta bai san an yi girgizar ƙasa ba. Matarsa ce daga ƙarshe ta ɓoye masa takalman hawa a gidan 'yar uwarta, tace in ya koma ya tarar ta tafi.

Na rasa abin cewa, mu a gida sai ka ce Allah ya jiƙan rai ko Allah ya baku haƙuri, na faɗa masa da Hausa haka nan na fassara iya yadda zan iya, ya gyaɗa kai ya zuba min shayi daga filas.

Shirin shi ne da asuba mu hau Kala Patthar, tudun da ake ganin Everest sosai daga kansa, hoton da na zo dominsa kenan, wanda zan tura wa yaron sito da 'yan gidanmu. Daren a Gorak Shep, masaukin da ke kusa da sansanin, ban runtsa ba, nayi amai sau biyu, tari kamar ƙirjina zai tsage. Ƙarfe huɗu ya shigo da tocila ya maƙala min abin yatsa, ya sa ni tafiya a kan layi na karkace na dafa bango, yace Phurba ƙasa za mu. Na hau magiya, nace Dai awa biyu ne fa, kuɗi na kashe, daga Afirka na zo, har da cewa ni zan ɗauki alhakin kaina. Ranar ce kaɗai naga fuskarsa ta canza. Yace bhai, na taɓa juyo da mutum saura ƙasa da awa ɗaya ya taka ƙololuwa, ya zage ni tun daga can har sansani, yanzu 'ya'yansa uku. Ya ɗauki jakata ya ɗora kan tasa ya fita. Ina binsa ina ƙunƙuni da Hausa, Allah ya sa bai ji ba. Kafin mu kai Pheriche, inda akwai ɗan asibitin masu ciwon tsauni, kan ya sake ni kamar an cire min hular ƙarfe, na cinye dal bhat faranti biyu, kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

A hanyar sauka ne yake faɗa min ɗansa namiji ya matsa shi ma sai ya hau, yana ganin su Nima Rinji a waya, yaron da ya gama duwatsu 14 mafiya tsawo a duniya yana ɗan shekara 18 a 2024, ga 'yan Nepal goma da suka fara hawa K2, dutse na biyu a tsawo a duniya, a tsakiyar hunturu a Janairun 2021, yanzu yaran suna so a san sunansu ne su kansu, ba a bayan wani ba. Dai yace abin na burge shi, amma nasa ɗan dai a'a, ya tafi ko Katar ne ya yi gadi. Nayi dariya nace Dai zafin can fa sai ya narke, kuma mu ma da muke can ba daɗi muke ji ba. Yace zafi baya ruftowa mutum a ka.

A Lukla muka rabu, na bashi abin da na iya a ambulan da sauran kilishin da na ɓoye tun daga gida, ya gutsura ya tauna, yaji ya kama shi yana hawaye yana dariya yana neman ruwa. Ya rataya min farin ƙyalle a wuya irin nasu na sallama.

Ranar 27 ga Mayu ina wurin aiki naga labari a waya Kami Rita ya hau karo na 31, mutumin da ya fara tun 1994. Na tura wa Dai saƙon murya ina ta zumuɗi nace ɗan garinku ya sake kafa tarihi. Sai bayan kwana biyu ya amsa, sabis sai ya hau tudu yake samu. Yace eh ya ji, Allah ya sauko da kowa lafiya. Sannan ya turo hoton wata katangar duwatsu da ya kai rabi, ta gonar dankalin 'yar uwarsa ce a Thame da ambaliyar watan Agustan 2024 ta share lokacin da tafkin ƙanƙara ya fashe a sama, yace wannan yake ta fama da ita, ya tambaya ko farcen nawa ya fita.